Rumfar Gwaggo da Littafin Baba Kuku

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Keffi ta nufi kudancin Kaduna a ƙarshen shekarun 1980 ya san Gitata zango ne. Manyan motocin citta, da na doya, da na itace, da ƙananan bas na fasinja, kusan duk sai sun ja birki a nan. Direba ya zagaya ya bubbuga tayoyi, yaran mota su ƙara ruwa a lagireto, kowa ya nemi abin da zai sa a cikinsa kafin a ci gaba. A lokacin muna cikin jihar Filato, don sai a 1996 aka yanke Nasarawa. Abuja kuma ana ta gini, gwamnati ba ta tare can ba sai Disamban 1991, saboda haka hanya ba ta rabuwa da leburori da magina da masu kai musu kayan abinci. Gari ne na Gwandara, ga Yeskwa da Gbagyi a ƙauyukan kewaye, ga Fulani a rugage, ga kuma mu Hausawa da fatauci ya kawo kakanninmu suka zauna.

Cikin masu ciyar da wannan hanya har da gwaggona, ƙanwar mahaifina. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata, tana fita takaba ta ce ita ba za ta zauna jiran kwanon gidan wa ba. Ta kafa rumfar tuwo-tuwo a gindin wani mangwaro, zana a gefe, tsohon kwano a sama, benci biyu da tabarma. Ni ne yaron rumfa: ɗebo ruwa, faskare, kai niƙa inji, wanke kwanuka da toka da soso. In an tashi daga makarantar boko can nake zarcewa, ranar da babu makaranta kuwa tun da sanyin safiya.

Kafin assalatu ta hura wuta. Ruwa ya tafasa ta yi talge, ta bar shi ya dahu sosai, don ta ce duk tuwon da ya yi gari-gari a baki tun a talge aka cuce shi. Sannan ta zuba gari ta kama muciya da hannu biyu, ta dafe tukunya da ƙafa, ta tuƙa har gumi ya jiƙa ɗankwali. Ta rufe ya turara, ta kwashe da mara, malmala-malmala. Na masara shi ne na kullum, na dawa don dattawa, na shinkafa ranar kasuwa. Sakwara kuwa dole ce a ƙasar doya, akwai 'yan mata biyu da aikinsu ke nan, kirɓi daga hantsi har azahar.

A miya ne ba ta da sassauci. Kuka ba ta saye sai ta murza a yatsu ta gan ta kore shar, wadda aka shanya a inuwa. Wadda rana ta ci ta yi ja-ja ko kyauta ba ta so. Daddawa sai ta kalwa, kuma sai ta ɓantara ta shinshina. Kuɓewa ɗanya a goga ta, a jefa 'yar kanwa, kuma kada wanda ya kuskura ya rufe tukunya, yauƙi zai tsinke. Agushi da riɗi ba a nemansu da nisa a ƙasarmu, amma ita takan tauna ƙwaya ɗaya tukuna, in ta ji alamar ɗaci ko tsufa ta ajiye ta yi gaba. Dunƙulen Maggi ya riga ya shiga kowane gida a lokacin, ita ma tana sawa, sai dai takan ce shi ɗan rakiya ne, daddawa ce amarya. Gishiri da yaji tafin hannunta ne ma'auninsu. Direbobi na cin bashi, ta ja layi da gawayi a jikin ginshiƙin rumfa, kowa da gefensa, kuma ban taɓa ganin an yi gardama a kan lissafin nan ba.

Duk da haka babu direba ɗaya da ya san sunanta. Mai tuwon gindin mangwaro, shi ke nan.

Ana nan sai Baba Kuku ya dawo gari. Ɗan unguwarmu ne, amma tun yana saurayi ya bi mota zuwa Kaduna, manya kaɗai suka tuna da shi. Ya fara da yaron kuku a gidan wani Bature, wanke tukwane da figar kaji, a ƙarƙashin wani mutumin Kwatano, don a zamanin nan kukun da Turawa suka fi yarda da shi na Dahomi ne ko na Togo. Da aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975 Faransawa suka yawaita a garin, shi kuwa ya riga ya iya Faransancin kicin, sai aka shiga rububinsa daga wannan gida zuwa wancan. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya naira, Turawa da yawa suka tattara nasu ya nasu, Baba ya dawo gida da akwatin ƙarfe. A ciki akwai wuƙaƙe naɗe cikin ƙyalle, farar riga mai maɓallai jere biyu, takardun shaida da iyayen gidansa suka rubuta masa, da wani littafi mai kauri.

Gari bai karɓe shi hannu bibbiyu ba. A wurinmu namiji na iya riƙe tukuba ya gasa tsire, na iya kafa teburin shayi, ba mai cewa uffan. Amma ya tsaya a kan tukunyar miya, sai a fara kallonsa a kaikaice, a haɗa shi da 'yan daudun tasha. Ga kuma zancen giya da naman alade, don kowa ya san abin da ake ci a gidan Nasara. Wani dattijo ya taɓa tare shi da maganar a ƙofar masallaci, gaba da gaba. Baba ya ce, "Malam, hannuna ya taɓa, na wanke. Harshena bai taɓa ba. Hanci Allah ya ba ni, da shi na ci abinci shekara da shekaru." Hancin nan kuwa mun shaida shi. Yana zaune a wurinsa zai ɗaga murya ya ce, "Uwar marayu, albasarki za ta kama," a duba a tarar haka ne.

Teburin shayi ya kafa daura da rumfarmu. Lokaci ne mai wuya ga mai shayi, gwamnati ta hana shigo da alkama tun daga 1987, burodi ya yi tsada kuma ya ƙanƙance. Sai ya mai da ƙarfi kan ƙwai. Yakan kaɗa shi, ya zuba a kasko mai man shanu, ya girgiza, ya naɗe kafin ka ƙifta ido, waje rawaya ba tabon ƙuna, ciki da laushi. Direbobi suka ce ba su san zance ba. "Baba, wannan ƙwai ɗanye ne, a mai da shi wuta." Haka zai mayar yana ƙunƙuni da Faransanci, ya soya shi har ya bushe, ya barbaɗa yaji, su cinye su yaba.

Abin da ya haɗa shi da Gwaggo romo ne. Ƙasusuwan da mahauta ke bayarwa kusan kyauta yakan karɓo, ya ɗan gasa su, ya zuba a ruwan sanyi da albasa, ya ɗora a wuta ƙasa-ƙasa. Ba ya bari ya tafasa da ƙarfi. Yana zaune da ludayi yana kwashe kumfa, sai an yi sa'o'i ya sauke ya tace da farin ƙyalle, ruwa ya fito garau, in ya kwana ya daskare. Gwaggo ta ce wannan ɓarnar itace ce kawai. Ta ɗanɗana, ba ta ce komai ba, amma ba a yi nisa ba aka fara aikena wurin mahauta karɓo ƙashi. Da romon nan ta riƙa kaɗa miyar kuka, ciniki ya ƙaru, kuma har ta bar duniya ba ta yarda cewa daga wurinsa ta gani ba. Shi ma ya ɗauki daddawa ya ajiye kusa da wuƙaƙensa, bai gode wa kowa ba.

Littafin nan mai kauri na Paul Bocuse ne, La Cuisine du marché, wanda ya fito a 1976. Uwar gidansa ta ƙarshe ce ta bar masa. Baba bai iya karanta shi ba, ni ma ɗan Turancina na firamare bai kai can ba, amma ya san shafukan da ido, don madam kan karanta masa yana yi. A tsakiya akwai hoton da ya yanko daga mujalla: ƙaton mutum ya harɗe hannu a ƙirji, doguwar farar hula, wuyan rigarsa da launin tutar Faransa. Yakan nuna mini ya ce, "Ka ga wannan, ɗana? Kuku ne kamar ni. Shugaban ƙasarsu da kansa ya rataya masa lambar girma." 'Yan majalisar shayi su kwashe da dariya, su ce Baba ya fara. Gwaggo ta taɓa tambayarsa me littafin ke cewa. Ya ce kan maganar shi ne mai girki ya yi sammako ya je kasuwa, ya ga abin da ya fi kyau a ranar, sannan ya yanke abin da zai dafa. Ta riƙe haɓa ta ce, "To da can yaya suke yi? Wannan ma sai an rubuta littafi?"

Sai da na girma na kama aikin koyarwa na bi diddigin mutumin hoton, na tarar Baba bai ƙara gishiri ba. An haifi Bocuse ranar 11 ga Fabrairun 1926 a Collonges-au-Mont-d'Or, wani ƙauye a bakin kogin Saône, arewa da birnin Liyon kaɗan, a gidan da girki ya zama gado kaka da kakanni. Yana ɗan shekara 16 aka kai shi koyon aiki a Liyon ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. A 1944 ya shiga sojan 'yantar da Faransa, aka harbe shi a yankin Alsace, likitocin sojan Amurka suka yi masa ƙarin jini. Yaƙi na ƙarewa ya hau keke ya tafi neman aiki wurin wata mata, Eugénie Brazier.

Wannan mata ita ta fi tsaya mini a rai. An haife ta a 1895, 'yar talakawan manoma, uwarta ta rasu tana ƙarama, ta tashi tana kiwo a gonakin mutane, karatunta bai taka kara ya karya ba. Ta shigo Liyon aikatau, daga nan ta faɗa kicin. A 1921 ta buɗe ɗan ƙaramin gidan abinci nata na kanta. Birnin na da irinta da dama, matan da suka yi girki a gidajen masu kuɗi sannan suka fita suka kafa nasu, har ana ce musu uwayen Liyon. A 1933 gidajen abincinta biyu kowanne ya sami tauraro uku na Michelin. A gidanta na kan tudu, inda Bocuse ya sauka, yaron aiki ba ya fara da tukunya. Tatsar shanu ce, da aikin lambu, da wanki da guga. Da na karanta wannan sai da na yi murmushi, don ni ma na san inda yaron mai abinci ke farawa. Daga hannunta ya koma wurin Fernand Point a gidan abincin La Pyramide da ke Vienne, ya yi shekaru a can, a kicin ɗin da ya yaye manyan masu girkin Faransa da dama.

Ya koma gida ya kama aiki da mahaifinsa, tauraro na farko ya zo a 1958. A 1961 ya ci gasar gwanayen sana'ar hannu ta Faransa, wadda ita ke ba mutum ikon sa launin tuta a wuyan riga. A 1965 ya sami tauraro na uku. Amma akwai abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya: tun a 1921 kakansa ya sayar da gidan abincin gado, ya haɗa har da sunan, ta yadda mahaifinsa ya yi ta sana'a ba shi da ikon rubuta Bocuse a ƙofa. A 1966 Paul ya saye sunan ya dawo da shi, ya kafa shi da manyan baƙaƙe a saman gini, ana hangowa daga nesa. A Fabrairun 1975 shugaba Valéry Giscard d'Estaing ya ba shi lambar girma ta ƙasa a fadar Élysée, shi kuma ya dafa wa taron wata miya ta naman kaza mai tsada da ke tsirowa a ƙarƙashin ƙasa, ya rufe bakin kwanon da ɓawon fulawa gasasshe. Har yau ana sayar da ita da sunan shugaban. A 1987 ya kafa gasar Bocuse d'Or da ake yi a Liyon duk shekara biyu, a 1990 aka buɗe makarantar girki da kula da otal a Écully wadda daga baya ta ɗauki sunansa har zuwa 2023. Ya rasu ranar 20 ga Janairun 2018 yana da shekara 91, a ɗakin da aka haife shi, a saman gidan abincin. Ɗaruruwan masu girki suka raka gawarsa cikin fararen riguna. Bayan shekara biyu Michelin ta zare wa gidan tauraro ɗaya, Faransa ta yi ta cece-kuce.

Direbobinmu sun san Michelin sarai, amma a taya. Kamfanin tayar ne ya fara buga ɗan littafin jagora a 1900 yana raba wa masu mota kyauta, ya nuna musu inda za su sami mai da makaniki da masauki, don su yawaita tafiya taya ta cinye. Daga 1926 aka fara sa wa gidajen abinci tauraro, daga baya aka kai shi uku, kuma ma'anar uku ita ce abincin ya isa a yi tafiya takanas dominsa. Irin wannan shaida muna da ita a Gitata, a bakin direbobi take. Mutum zai baro Keffi da yunwa, ya wuce masu abinci birjik, ya daure har gindin mangwaro, kuma ta bakinsa labari ke kaiwa tashar Kafanchan da ta Kaduna. Sai dai tasu a rubuce take da sunan mutum, ana sabunta ta duk shekara. Tamu direba na ajiye tuƙi ta bi shi gida.

Ban ce tuwon Gwaggo da miyar fadar shugaban ƙasa abu ɗaya ne ba. Can akwai dukiya, da masu ci da ke iya biyan kuɗin wata guda a zama ɗaya, da al'adar rubuta girki ta ɗaruruwan shekaru. Amma in ana zancen hannu, da hanci, da sanin kaya a kasuwa, da tsare yaran aiki, na ga masu shi da idona. Abin da Bocuse ya yi wa sana'arsa shi ne ya fito da kuku daga bayan gida. Kafin zamaninsa yawanci mai otal ake sani, mai girki na can cikin hayaƙi, ma'aikaci ne kawai. Shi ya nace mai girki ya mallaki wurin, ya sa sunansa a ƙofa, ya fito ya gaisa da baƙi, ya yaye yara da za su ce a gidan wane muka koya. Baba Kuku ya yi aikin rayuwarsa duka a kicin ɗin wasu, abin da ya fita da shi takardu ne masu cewa yana da tsafta kuma ba ya sata.

Abin mamaki, mu ma mun san wannan tsari, a nama kawai muka tsayar da shi. Mahauta na da Sarkin Pawa, naɗaɗɗe, mai faɗa a ji a kasuwa. Yaro na tashi a gaban ubangidansa ya koyi fiɗa da yanka da haɗin ƙuli da yaji, in ya ƙware a sallame shi ya kafa tasa tukubar. Da wannan tsari tsire da kilishi suka kai Legas da Ankara da Duwala, har Sudan inda ake ce masa agashe. Tuwo da miya, da suke hannun mata, ba su sami sarauta ba, ba su sami yaye ba. Mace na shiga tuwo-tuwo ne in aure ya mutu ko miji ya rasu, ana yi mata kallon wadda lalura ta fito da ita, kuma burinta 'ya'yanta kada su gaje ta. Haka aka yi a gidanmu. Hayaƙi ya ci idon Gwaggo, gwiwa ta ƙi, 'ya'yanta duk suna ɗakunan mazajensu, aka kwashe zana aka raba tukwane. Baba ya riga ta tafiya. Wuƙaƙensa suka koma na fiɗar layya, littafin kuma gara ta gama da shi.

Kada kuma a ɗauka can Faransa adalci ne zalla. Bocuse ɗan kasuwa ne na gaske, ya kai sunansa Amurka da Jafan, ya buɗe ƙananan gidajen abinci a Liyon, har aka riƙa yi masa tsiya cewa ya fi zama a jirgi da gaban kyamara fiye da gaban murhu. Kuma duk da mace na cikin waɗanda suka horar da shi, fagen da ya gina na maza ne. Tun daga 1987 har gasar 2025 mace ɗaya ce tak ta ci Bocuse d'Or, Léa Linster ta Luksambur, a 1989. Shi ya sa na ji daɗi a Fabrairun 2024 da Michelin ta ba gidan abincin Chishuru na Landan tauraro. Mai shi, Adejoké Bakare, a Kaduna ta tashi, abincin Afirka ta Yamma take dafawa, kuma ita ce baƙar mace ta farko da ta sami tauraron a Birtaniya.

Ɗaya daga cikin 'yan matan nan biyu masu kirɓa sakwara ita ce ta riƙe sana'ar. Yanzu tana da gidan abinci a Mararaba, kan hanyar Keffi zuwa Abuja, da gas da firji da ma'aikata, ana yi mata oda ta waya ana kai wa ma'aikatan ofis a babur. Miyar kukarta ta Gwaggo ce sak, kuma kullum da dare akwai tukunyar ƙashi a wuta ƙasa-ƙasa. Allon ƙofarta ɗan ƙarami ne, bai ce komai ba sai cewa abinci ya sauka. Na ce mata, "Yaya, me ya hana ki rubuta sunanki?" Ta ce, "Sunan matar aure a bakin titi, Malam? Ka rufa mini asiri. Kuma allo in ya yi girma masu haraji ne ke fara ganinsa."

Autarta ce ba ta da wannan kunya. Tana karatun girki da kula da otal a kwalejin kimiyya da fasaha, in ta zo hutu sai ta kafa waya a kicin ta ɗauki bidiyo ta sa a TikTok da sunanta, tana auna kuka da daddawa a sikeli tana faɗin nauyinsu. Uwar na mita, tana cewa wanda ya auna gishiri bai iya miya ba, amma ta ƙyale ta. Sharaɗi ɗaya ta kafa: in an zo haɗa romo, a kashe waya.